Daga gwiwar hannu zuwa ƙaramin yatsa: hanyar jijiyar da ke kawo minjirya

Ba wanda bai taɓa buga gwiwar hannunsa a ƙyauren ɗaki ko a ƙarfen babur ba, ya ji wani abu kamar wutar lantarki ya tsarga masa har ƙasa. Idan ka natsu ka lura, abin ba ya yawo barkatai. Yana sauka ne ta gefen hannu na ciki, ya ƙare a ƙaramin yatsa da rabin yatsan da ke bi masa. Babban yatsa kuwa ko a jikinsa. Mutanenmu sun ba wannan yanayi suna mai kyau, minjirya, sunan kifin nan da ke fizgar wanda ya taɓa shi a ruwa. Yara kan ce ƙashi suka buge, alhali ƙashin bai ji komai ba. Abin da aka matse wata jijiya ce da ke kwance a kan ƙashin, babu abin da ya rufe ta sai fata da ɗan kitse.

Kalmar jijiya tana ba ni wahala duk lokacin da nake koya wa ɗaliban jinya tsarin jiki, domin Hausa ta ɗora wa kalma ɗaya kaya uku. Bututun da jini ke bi jijiya ne. Igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, wadda mahauci ke fama da ita a kan faranti, ita ma jijiya ce. Sannan ga farin zaren da ke fitowa daga laka yana kai saƙo, yana dawo da labari. Wannan na ukun nake nufi a nan. Likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci suna ce mata nerf cubital, sababbin littattafai kuma nerf ulnaire. Duka sunayen biyu daga Latin suke, suna nuni ga gwiwar hannu da ƙashin da ke gangarowa daga gare ta, wato tsawon nan da masu sayar da yadi ke aunawa su ce kamu ɗaya. Ni zan riƙa ce mata jijiyar ulna.

Abin da ya sa na ɗauko zancen wani baduku ne a unguwar Birni, dattijo, wanda na daɗe ina sayen takalma a wajensa. Na tarar da shi yana ƙoƙarin zura zare, allura tana suɓuce masa.

"Malam, ɗan yatsan nan ya mutu mini. Na shafa man zafi, an yi mini ƙaho a bayan hannu, shiru kake ji."

"Baba, miƙo hannun biyu in gani."

Da ya jera su a kan gwiwarsa, bambancin ya fito fili. A hannun hagu, tsakanin babban yatsa da manuni, naman wurin a cike yake. A na dama wurin ya lotsa, ya zama rami kamar an kwashe da cokali. Sai na dubi yadda yake zama: gwiwar hannun dama a lanƙwashe, a dafe kan wani guntun katako, tun safe har la'asar, shekara da shekaru. Shi yana jinyar yatsa, ciwon kuwa yana can sama, tazarar kamu guda.

Asalin jijiyar a wuya yake. Tana samo zarenta daga saiwoyi biyu na laka, ta takwas a jerin na wuya da ta farko a jerin na ƙirji, waɗanda ake rubutawa C8 da T1. Daga nan ta ratsa hamata, ta gangaro ta cikin damtse kusa da babbar jijiyar jini. Duk tsawon damtse ba ta ba kowa ko reshe ɗaya, wucewa kawai take yi. Wajen tsakiyar damtse sai ta huda wani labule na tantani ta koma baya. Wannan juyawar ce mafarin rauninta, domin sauran manyan jijiyoyin hannu ta gaban gwiwa suke wucewa, cikin nama, inda lanƙwasa hannu ke sassauta su. Ita kaɗai ce ta zagaya ta baya.

Ka taɓa gwiwar hannunka ta ciki, gefen da ke gogar haƙarƙari. Akwai wani ƙullutun ƙashi a wurin. Ka matsa baya kaɗan za ka ji tsinin gwiwar kansa. Tsakaninsu akwai kwari, kuma in ka murza a hankali za ka ji wani abu kamar igiyar guga siririya yana zillewa ƙarƙashin yatsanka. Ita ce. Babu wata babbar jijiya a jikin mutum da ke da sauƙin taɓawa haka.

Da ta fita daga kwarin sai ta shiga wani rami. Ƙasansa ƙashi ne da ɗaurin gaɓa, rufinsa kuma wani tantani ne mai tauri da ke haɗa kawuna biyu na tsokar da ke lanƙwasa wuyan hannu. Ana kiran tantanin da sunan wani likitan fiɗa na Ingila, Osborne, wanda ya yi bayaninsa a 1957. Abin lura shi ne ramin ba ya zama da faɗi ɗaya. In hannu yana miƙe, rufin a sake yake, jijiya tana walawa. Da ka lanƙwasa, tsinin gwiwa ya yi nesa da ƙullutun, rufin ya ɗame kamar fatar kalangu, ramin ya tsuke har wajen rabi. A daidai lokacin kuma jijiyar kanta ana jan ta, tunda ta bayan kwana take bi, kamar igiyar da aka zagaya da ita ta bayan turke. Matsi da ja a lokaci guda. Jijiya tana da 'yan ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da ita, su ne ke fara toshewa. Na 'yan mintoci ba komai, ka miƙe hannu ka yarfa, minjirya ta wuce. Na sa'o'i kullum, wata da watanni, sai rigar da ke lulluɓe da zaren ta fara lalacewa, daga baya zaren kansa ya bi.

Yanzu ka ƙirga sa'o'in da hannunmu ke yi a lanƙwashe. Mai barci da ya yi matashi da hannunsa a kan tabarma. Saurayin da ya kishingiɗa a fada yana jiran shayi na uku, gwiwa a kafe a ƙasa. Mai salula manne da kunne. Direban da ya ɗora gwiwa a tagar mota daga Damagaram har Maraɗi. A duk wuraren da jijiya ke maƙalewa a hannu, wannan ne na biyu wajen yawa, bayan matsewar jijiyar tsakiya, wata jijiyar saƙo da ke bin tsakiyar hannu, a wuyan hannu. Akwai kuma mutanen da tasu jijiyar ba ta zama a kwarinta, duk lanƙwasawa sai ta haye kan ƙullutun ta dawo, har ana jin ƙas.

Wani dalilin kuma tsoho ne, har mai shi ya manta. Yaro ya faɗo daga kan jaki ko bishiyar mangwaro, ya karye a gwiwar hannu, aka kai wa mai ɗori, ƙashi ya kama amma a karkace, hannun ya ɗan buɗe waje. Yaro ya girma lafiya lau. Sai bayan shekara goma ko ashirin yatsu su fara sagewa, saboda duk tsawon lokacin jijiyar tana bin hanya mai tsawo fiye da wadda aka yanka mata. Ba na cikin masu zagin masu ɗori, akwai karayar da suke gyarawa da kyau. Amma gwiwar hannun yaro gaɓa ce mai guraben girma, ya kamata a ɗauki hotonta a likita kafin a ɗaure.

Bayan ta tsira daga ramin gwiwa, jijiyar tana gangarowa ta sangalin hannu a ɓoye ƙarƙashin tsoka. A nan take fara rabon rassa. Tana ba tsokar da ta rufe ta, tana kuma ba rabin wata tsoka mai zurfi, rabin da ke lanƙwasa gaɓar ƙarshe ta ƙaramin yatsa da mai bi masa. Sai kuma reshen da ni a ganina ya fi kowane amfani ga mai bincike. Kimanin santimita 5 zuwa 8 kafin wuyan hannu, wani siririn reshe yana ballewa, ya zagaya ta bayan ƙashi, ya je ya ɗauki jin fatar bayan hannu ta gefen ƙaramin yatsa. Ya rabu da uwar tun kafin a kai ƙofa ta biyu, wato wani matsattsen wurin bayan ramin gwiwa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙofa ta biyu tana gindin tafin hannu. In ka bi layin ƙaramin yatsa ka sauko har inda tafi ya haɗu da wuyan hannu, za ka ji wani ɗan ƙashi mai kamar ƙwayar gujiya. Ɗan gaba da shi, zuwa tsakiyar tafi, akwai wani ƙashin mai ƙugiya, shi sai an danna sosai ake jin sa. Tsakanin su biyun akwai lungu, jijiyar ulna da jijiyar jini abokiyar tafiyarta suna bi ta ciki kafaɗa da kafaɗa. Wani Bafaranshe, Feliks Giyon, ya bayyana lungun a 1861, kuma da sunansa ake kiran sa har yau, ko da yake shi daga baya a fannin mafitsara ya yi suna. Mutane da yawa, har da wasu ɗalibaina, suna zaton duk jijiyoyin hannu ta babban ramin tsakiyar wuyan hannu suke bi. Ita ulna ta saman rufin wancan ramin take wucewa, a lungunta na daban, shi ya sa wanda jijiyar tsakiya ta matse masa yake jin minjirya a babban yatsa da manuni da na tsakiya, ƙaramin yatsansa kuwa garau.

A cikin lungun nan jijiyar take rabuwa biyu. Reshen sama na ji ne, shi ke kula da fatar ƙaramin yatsa ta ciki da rabin mai bi masa. Rabi na gaske nake nufi: in ka ja layi a tsakiyar yatsan daga gindi zuwa farce, gefe ɗaya na ulna ne, ɗayan na jijiyar tsakiya. Reshen ƙasa kuma na motsi ne zalla. Yana lanƙwasawa ta gindin ƙugiyar nan, ya nutse, ya ratsa tafi a kwance har gindin babban yatsa, yana raba umarni ga mafi yawan ƙananan tsokokin da ke cikin hannu: na tudun ƙaramin yatsa, guda bakwai da ke tsakanin ƙasusuwan tafi masu buɗe yatsu da haɗe su, biyu daga cikin huɗun da ke daidaita gaɓoɓi, da kuma wadda ke matso da babban yatsa jikin manuni. Ƙarfin damƙa daga sangali yake zuwa, amma gwaninta a nan take. Riƙe alƙalami a rubuta allo, ƙirga kuɗi, cura tuwo, jan carbi, zura zare, duk aikin wannan reshe ne da bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba.

Saboda rabuwar nan, matsala a lungun wuyan hannu tana iya zuwa da fuska uku. In an matse kafin rabuwa, ji da ƙarfi duka su tafi. In reshen ƙasa kaɗai aka danne, hannu ya rame ya rasa ƙarfi ba tare da minjirya ko kaɗan ba, kuma wannan ne ke ruɗa mutane har su fara zancen sammu. In na sama ne, sagewa kawai. Abin da ya fi yawan dannewa a nan wani ƙullutu ne mai ruwa kamar yauƙi da ke tsirowa daga gaɓa. Sai karayar ƙugiyar. Sai matsi daga waje: ɗan kabu-kabu da ke wuni da nauyin jikinsa a kan kan babur, hanya tana girgiza shi, ko bakanike da kafinta da suka mayar da gindin tafinsu guduma. Wannan bugun har jijiyar jinin yana iya lalatawa.

To ga amfanin reshen can da na ce a riƙe. Mutum biyu sun zo da ƙaramin yatsa a sage. Ka ɗauki auduga ka shafa bayan hannun kowannensu ta gefen ƙaramin yatsa, idonsa a rufe. Wanda bai ji ba, ciwonsa yana sama da inda reshen ya balle, galibi a gwiwa. Wanda ya ji sarai, ana kyautata zaton matsalar tana ƙasa, a lungun wuyan hannu. Na ce ana kyautata zato, domin a gwiwa ma matsi ba ya cin zare duka daidai wa daida, wani lokaci yakan tsallake wasu. Haka kuma in sagewar ta haura har cikin sangalin hannu, to a ɗaga ido sama, domin fatar wurin ba ta ulna ba ce, wata jijiya ce daban ke kula da ita. Nan sai a binciki wuya da hamata. Akwai na'urar da ke auna saurin saƙo a jijiya ta nuna daidai inda ya rage gudu, amma ba kowace likita ke da ita ba, kuma auduga da sanin hanya suna kai mutum nesa.

Badukun nan bai ji audugar ba a bayan hannu. Na zaro takardar kuɗi ta jika ɗaya na ce ya riƙe ta tsakanin babban yatsa da gefen manuni, yatsan a miƙe, kada ya bari in ƙwace. Da hagu ya riƙe gam. Da dama, ina fara ja sai gaɓar babban yatsan ta lanƙwashe ta yi tsini, yana ƙoƙarin danne takardar da kan yatsa. Tsokar da ya kamata ta yi aikin ta raunana, sai jiki ya aro wata mai karɓar umarni daga jijiyar tsakiya. Wani likita na birnin Liyon, Jul Froman, ya bayyana wannan alama a 1915, lokacin da yaƙin duniya na farko ya cika asibitocin Faransa da masu raunin jijiya. Dattijon ya yi dariya ya ce ai ko da lafiyarsa kuɗi ba sa zama a hannunsa.

In abin ya yi nisa, yatsu biyun ƙarshe suna ƙandarewa: gindinsu ya tashi baya, gaɓoɓin gaba su lanƙwashe kamar farcen shaho. A nan akwai abin mamaki. Hankali zai ce rauni a gwiwa, tunda ya fi shafar wurare da yawa, shi zai fi lanƙwasa yatsu. Akasin haka ne. Wanda aka yanke wa jijiyar a wuyan hannu ya fi ƙandarewa, domin tsokar sangali mai jan kan yatsu tana nan da ƙarfinta, ta rasa abokan da ke taka mata burki. Na gwiwa kuwa ita ma ta raunana, babu mai ja sosai. Har ma yakan faru mai jinyar gwiwa ya ga yatsunsa sun ƙara lanƙwashewa bayan watanni ya tsorata, alhali alama ce jijiyar ta farfaɗo ta iso sangali.

Ba za a yi zancen wannan siffar hannu a Damagaram a tsallake kuturta ba, garin da unguwar Kara-Kara ke tuna mana yadda aka riƙa ware masu ita. Ƙwayar cutar, wadda Hansen ɗan ƙasar Nowe ya gano a 1873, tana son wuri mai ɗan sanyi a jiki, kuma jijiyar da ke kwance daf da fata ta fi wadda ke cikin nama sanyi. Shi ya sa ulna ce jijiyar da cutar ta fi kamawa a hannu, daidai saman ƙullutun gwiwa. Ma'aikacin da ya san aikinsa, in ya ga tabo mai haske a fata wanda ba ya ji, abu na gaba da zai yi shi ne ya laluba bayan gwiwar hannu ya ji ko jijiyar ta yi kauri ko tana zafi. Cutar ba ta cin yatsu kamar yadda ake faɗa. Jin zafi take ɗaukewa, sai wuta da ƙaya da ƙotar fartanya su yi ta raunata hannun da ba ya kuka, rauni ya ruɓe, yatsa ya gajarce. Magani haɗin ƙwayoyi uku ne na wata 6 ko 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Raunin jijiyar da bai wuce wata shida ba sau da yawa yana dawowa in an haɗa da maganin kumburi. Wanda ya shekara biyu, ƙwayar za ta mutu amma hannun ya riga ya tafi.

Lissafin lokaci ɗaya ne ko mene ne sanadin. Zaren jijiya da ya mutu yana sake tsirowa daga inda ya lalace, kimanin milimita ɗaya a rana. Daga gwiwa zuwa tsokokin tafi akwai santimita talatin ko fiye, wato kusan shekara guda ana tafiya. Tsokar da ta zauna babu saƙo kuwa, bayan wata 12 zuwa 18 takan daina karɓa ko da saƙon ya iso. Wannan ne ya sa yankan kwalba ko wuƙa a wuyan hannu ta gefen ƙaramin yatsa bai kamata a ɗinke fata kawai a sallami mutum ba. Jijiyar jini da igiyar tsoka da jijiyar ulna a jere suke a wurin, abin da ya yanki ɗaya da wuya ya bar sauran. Kafin allurar kashe zafi, a sa shi ya buɗe yatsu ya haɗe, a taɓa kan ƙaramin yatsa a tambaye shi.

Matsi na farko-farko, mai zuwa ya tafi, sau da yawa canjin zama ya ishe shi. In nama ya fara ramewa kuwa, maganar ta koma ta likitan fiɗa: ko ya tsaga rufin ramin jijiya ta sami sarari, ko ya ɗauke ta daga bayan ƙullutun ya kwantar da ita ta gaba, inda lanƙwasawa ba ta jan ta. Na faɗa wa badukun cewa nasa ya kai a gani a babbar likita, a kuma auna masa sukari, tunda ciwon sukari yana sa jijiya ta kasa jure matsi. Kafin nan na ce ya jefar da katakon, da dare kuma ya naɗe gwiwar da tawul ya ɗaure sako-sako don kada ta lanƙwashe cikin barci.

"Tawul kuma, Malam? A wannan zafin?"

"Ko tsohon rawani ne, Baba, in dai hannun zai kwana a miƙe."

Ya jawo wani ragowar jan kilago daga ƙarƙashin benci, ya gwada shi a gwiwar, ya ce zai ɗinka nasa da maɗauri biyu, in yaronsa ya dawo ya zura masa zaren.